Tiyon da Ya Kusa Cinye Sunan Malam Tukur

Duk lokacin da na ji samarin garejinmu suna cewa aikin tiyon haidiro ba aiki ba ne, wai ka kwance noti biyu ka ɗaure noti biyu shi ke nan, sai in yi murmushi in ci gaba da shan shayina. Ni ma na taɓa faɗin haka, da ƙarfi kuwa. To ku matso ku ji yadda wani tiyo da bai kai tsawon hannuna ba ya koya mini kama bakina, bayan furfura ta fara fito mini a sana'ar.

Ga wanda bai sani ba, haidiro shi ne man nan mai haske da famfo ke turawa da ƙarfi ta cikin tiyo. Shi ke ɗaga garmar tarakta, shi ke tayar da bodin tifa ta juye yashi. Idan yana nan ba wanda ke tuna shi. Ran da ya zurare, ƙaton ƙarfe sai ya tsaya cik, ko da injin na ta ruri.

A Ƙaura na koyi aikin, wurin maigidana Malam Ɗanjuma, tun jirgin ƙasa na zuwa yana kwasar gyaɗa da auduga. Gajere ne, mafaɗaci, mai son goro, kuma yatsunsa tara ne. Na shekara biyu ina wanke masa sifana ban sami ƙarfin halin tambayar inda na goman ya tafi ba. Ran da ya ga na kai hannu zan shafa tiyon wata tarakta tana cikin aiki, sai ya maka mini ƙotar guduma a gwiwar hannu. Da na gama tsalle-tsallena ya ɗaga guntun yatsan ya ce, "Bala, ka ga wanga? Ba wuƙa tay yanke shi ba, mai na. Rami kamar na allura, man yas shige ƙarƙashin hwata, ban ko ji zahi ba. Kwana ukku yatsan yar ruɓe, likita yad datse shi. In kana biɗar yoyo, kwali a ka sawa, ba hannu ba."

Abu na biyu da ya dasa mini shi ne duban ƙasa. Idan aka kira shi aiki, kafin ya gama amsa gaisuwar mai mota ya riga ya tsuguna yana leƙen wurin da motar ta kwana. Ɗigon baƙin mai daban, na giya daban, na haidiro daban. Ya kan dangwala ya murza ya sansana, ya faɗa maka ciwon tun ba a buɗe bonet ba. Na ɗauki wannan ɗabi'a, na yi suna da ita daga Ƙaura har Shinkafi. Manoman Moriki kan ce wa juna, ku kai wa Bala, shi ƙasa ke gaya masa. Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba.

Masu kawo mana aiki kuwa halinsu ɗaya. Ba mai zuwa sai ya fara gwada robar tib, wato ta cikin taya. Mutanenmu sun yarda da wannan roba fiye da yadda suka yarda da bakanike. Da ita ake ɗaure bututun ruwa, da ita ake ɗaure kaya a keke, da ita ake riƙe murfin rediyo. Sai ka ga ƙaton mutum da rawani ya naɗe tiyon tarakta da ita har ya yi kauri kamar damtse, yana mamakin yadda man ya ci gaba da fita. Ƙarfin da ke cikin tiyon nan yana ɗaga abin da maza ashirin ba za su ɗaga ba, ina robar keke za ta tare shi?

Bayan an ba mu jiha, murna ba ta gama sauka ba muka shiga shekarar da ba na son tunawa. Mai ya yi wuya, taraktoci suka jere a inuwa kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Wasu abokan sana'ata suka koma faci, wasu suka tafi Kudu. Ni injinan niƙa suka riƙe ni, su da 'yar gonar gero da mahaifina ya bari. Da abubuwa suka ɗan saki, sai aikin hukuma ya fara shigowa, don sabuwar jiha ta sayi motoci da injina ba ta tanadi masu gyara ba. Ta nan na zama bakaniken wata makarantar kwana a ɓangaren Zurmi. Ba zan faɗi sunanta ba. Ni ke duba motar makarantar da janaretansu da famfon rijiyarsu.

A can na fara ganin injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa. Wani mai hali ne ya kawo shi kyauta, tsohon hannu daga waje, ja, da kujera da sitiyari, wuƙaƙensa a ƙarƙashin ciki. Ba shi da giya irin ta mota, haidiro ne ke juya ƙafafunsa na baya. Ka taka gaba ya tafi gaba, ka taka baya ya koma baya. Na zagaye shi sau ɗaya na ce a raina, wannan ai abin wasa ne. Ni da na saba kwanciya a ƙarƙashin gireda mai gyaran hanya, me zan tsaya dubawa a nan?

Wanda aka damƙa wa injin shi ne Malam Tukur, mai kula da filayen makarantar. Mutumin Birnin Tsaba ne, dogo, siriri, ya ba hamsin baya. Shekarunsa da yawa yana bin ɗalibai da langalanga suna sheme ciyawa suna zaginsa a ɓoye, sai ga shi rana ɗaya a kan kujera yana murza sitiyari. Ko keke bai taɓa mallaka ba. Direban makarantar ya koya masa cikin sati guda, daga nan ba wanda ya isa ya taɓa injin. Idan yana yanka, zama yake yi tsaf, hula a gyare, fuska a ɗaure, kai ka ce ministan ciyawa ne. Ina tsokanarsa in ce, "Malam Tukur, yaushe za ka kai ni Gusau da motar nan taka?" Shi kuwa ya ce, "In ka shirya kwana ukku bisa hanya, taho mu tahi."

Daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, shugaban makarantar ya aiko mini da takarda in zo da gaggawa. Na iske shi a ofis tare da mai kula da sito, Malam Lawali. Malam Tukur na tsugune a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ran nan.

Maganar ita ce man haidiro na ɓacewa. Galan ɗin da ya kamata ya kai injin ƙarshen damina, sati biyu ya ƙare. An ba da wani, shi ma ya bi sahu. Lawali ya ce ya bincika, masu keken ɗinki da masu injin niƙa na sayen irin man nan a kwalba, kuma mabuɗin rumfar injin a aljihun mutum ɗaya yake. Shugaban ɗan gidan malamai ne, mai tsoron Allah, ba ya son gaggawa. Ya ce mini, "Malam Bala, ba ni son in zalunci kowa. Tukur ya yi rantsuwa bai taɓa ba. Kai ka san injin. In yoyo shi kai, magana ta ƙare nan. In ba ya yoyo, to dole in ɗauki mataki, don amana ta anka ba ni."

Ku da ba ku ga lokacin ba, ku fahimci nauyin abin. A shekarar nan ba a wasa da kalmar sata. A kasuwa, a tasha, a majalisar shayi, hirar ke nan. Masu ilimi sun san ba kowace tuhuma ke kai mutum ga hukunci mai tsanani ba, amma talaka bai san wannan ba. Shi dai ya ji an ce alƙali, sai tsoro ya kama shi. Ko ba a je gaban alƙalin ba, sunan kaɗai ya isa ya hana mutum shiga sahun gaba a masallaci.

Muka tafi rumfar. Na tsuguna na duba ƙasa yadda na saba. Yashi ne fari tas, ko ɗigo ɗaya babu. Na leƙa cikin injin, tiyo biyun da ke fita daga famfo zuwa ƙafafu a bushe suke ƙayau, notinsu na ƙyalli. Na tayar da shi, na bar shi yana ruri a tsaye kamar minti biyar, na sake leƙawa. Babu kome. A ranar wata tifa na jirana a Shinkafi, hankalina na can. Na kakkaɓe gwiwata na ce, "Ranka shi daɗe, injin ga lahiya lau shi ke. Ba ya yoyo."

Malam Tukur bai yi gardama ba. Ya dube ni kawai, ya ce, "Bala, ka duba da kyau?" Na ce na duba. Ya ciro mabuɗin ya miƙa da hannu biyu. Shugaban ya dakatar da shi, ya ce ya koma gida ya yi tunani zuwa ƙarshen wata. In ya zo ya faɗi gaskiya a rufa masa asiri, in ya ƙi a miƙa maganar gaba. Aka kulle rumfar, ɗalibai suka koma ga langalangarsu a filin ƙwallo kaɗai, sauran filayen aka bar su.

Bayan kwana goma na ci karo da direban makarantar a tashar Ƙaura, ya ba ni labarin da ya ɓata mini abincin rana. Ashe Malam Tukur gida ɗaya suke da wansa, Malam Isiyaku, tsoho mai karantar da yara, wanda idonsa ya kusa rufewa. Tun tasowarsu a kwano ɗaya suke cin abinci a zaure. Da labarin ya isa ƙauyen, tsohon ya tambayi abu ɗaya: bakaniken ya ce me? Aka ce ya ce injin ba ya yoyo. Sai ya sa aka raba musu kwano. Ya ce shi ba zai sa hannu a abincin da bai san da me aka sayi gishirinsa ba. Direban ya ce Tukur ya fi jin wannan a kan zancen alƙali, ya rame har wuyansa ya fito. Na ji ba daɗi, amma na ce wa kaina ni abin da na gani na faɗa.

Ana saura kwana huɗu wata ya ƙare, na hau babur zan tafi Zurmi duba wata tarakta. Hanyar ta bi ta gefen makarantar, inda akwai ɗan tudu da ake hango filin taronsu. An yi ruwa sau biyu a satin, ciyawa ta taso kore shar. Sai na ga wasu layuka a cikinta, sirara, launin ƙasa-ƙasa, sun miƙe daga wannan gefe zuwa wancan sun juyo, a jere kamar layin littafin rubutu. A wurin kwana layin ya fi faɗi. Na wuce su har na yi nisa kafin abin ya faɗo mini. Na taka burki da ƙarfi har babur ɗin ya kusa kayar da ni.

Na tsallake shingen na tsuguna a kan layi ɗaya. Ciyawar a ƙone take har saiwa. Na tsinko na murza na sansana. Haidiro ne. Mai zafi idan ya zuba a kan ciyawa ba ya nunawa a ranar, sai bayan kwanaki take mutuwa, kuma ba a gane wurin sai ta gefensa ta yi tsawo. Ga man makarantar nan kwance a fili, galan-galan, kowa na wucewa ta kansa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a sana'a. Ban tuƙa injin ba. Na bar shi yana ruri a tsaye, alhali tiyon ƙafa ba ya ɗaukar ƙarfi sai injin na tafiya. Ko ɗan koyo na wata shida ya kamata ya san wannan.

Tarakta ta jira. Na shiga wurin shugaban na ce a aika a kira Tukur, kuma a ba ni mabuɗi. Direba ya tafi da mota ya ɗauko shi. Da ya sauko na ga abin da aka faɗa mini gaskiya ne, rigarsa ta yi masa yawa.

Na ce, "Malam Tukur, in ka ƙare yanka, mi ka kan yi ma injin ga?"

Ya ce, "Ba kome. In wanke shi in aje."

"Ka wanke shi da mi?"

"Da garin sabulu da ruwan rijiya. Ciki da baya, har ƙarƙashi. Akwai wani danƙo da ka maƙale mai da ciyawa, sai na sa soso shi ka hita."

"Kullum?"

"Kullum mana. Ko shanun huɗa in sun yi aiki ai ana share masu jiki."

"To yashin rumhwa fa?"

"Duk sahe ni ka kwashe na jiya in zuba sabo. Abin mutane na, Bala. Ba ni son a ce na bar shi cikin ƙazanta."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Bawan Allah nan kullum da hannunsa yake wanke shaidar da za ta wanke shi. Na ce don me bai faɗa ba ran da nake dubawa. Ya ce ba wanda ya tambaye shi, kuma shi bai ga abin faɗi ba a ce mutum ya share wurin aikinsa.

Na sa Lawali ya kawo sauran man da ke sito na cika tanki. Na yago kwalin sabulu na ɗaure shi da waya a ƙarƙashin injin, daidai inda tiyo biyun suka bi. Na ce wa Tukur ya hau ya sauke wuƙaƙe ya shiga ciyawa mai tsawo, ya je ƙarshen fili ya yi kwana ya dawo. Shugaban da Lawali da malamai biyu suna tsaye. Da ya dawo na ce kada ya kashe, ya dafe burki ya ɗan taka gaba. Na kwanta na leƙa. Ga shi nan, wani zare siriri na mai yana fita daga tiyon hagu, da ƙyar ido ke kama shi, yana bugun kwalin da ya riga ya jiƙe sharkaf. Tukur ya sunkuyo daga kujera ya miƙo hannu zai taɓa. Na doke hannun da ƙarfin da ya ba shi mamaki. Na ce ya kashe injin tukuna, hannun nan muna da sauran aiki da shi.

Abin da ya faru a bayyane yake da na haska tocila. Wata 'yar maƙala da ke riƙe tiyon ta karye tun can ƙasar da injin ya fito, tiyon ya kwanta a kan gefen ƙarfe. Duk lokacin da injin ya yi kwana sai tiyon ya goga. Ya cinye robar waje, ya cinye wayar da ke ciki, ya buɗe rami a gefen da ke kallon ƙasa. A tsaye ramin a tsuke yake. Da ƙarfi ya zo sai ya buɗe.

Na ciro kwalin na kai gaban shugaban na ajiye. Na ce, "Ranka shi daɗe, maganar da niy yi ran nan kuskure ta. Ba Tukur yaɗ ɗauki man ku ba, hilinku yas sha shi, ga layukan can ku je ku gani. Laihina na, ban tuƙa injin ba nic ce ba ya yoyo. In kun ga ku canza bakanike, ba ku zalunce ni ba." Shugaban ya dubi kwalin. Sannan ya taka har inda Tukur yake, ya kama hannunsa ya nemi gafara a gaban kowa. Lawali ma ya matso yana share gumi, yana cewa shi wallahi aikinsa ya yi. Tukur ya ce ba kome, Allah ya yafe mu duka. Ni ma da na nemi tawa gafarar, cewa ya yi, "Ai kai kad dawo."

Lawali, don ya nuna yana tare da mu, ya ruga ya dawo da robar tib ya ce a naɗe wurin. Har shugaban sai da ya yi dariya.

Yanzu ga aikin da kuke cewa noti biyu ne. Na bar injin ya huce, na taka feda gaba da baya sau da yawa a kashe don sauran ƙarfin da ke ciki ya sauka. Na sa dutse gaba da bayan taya. Na wanke bakin notin da kananzir har ya fita tas, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga famfon nan ta isa ta kashe shi, kuma ba a sayar da irinsa ko a Gusau. Sifana biyu na sa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. Wanda ya sa ɗaya zai murɗe bakin famfon, ya mayar da aikin yini ya zama na wata guda. Na tari man a gindin galan da na yanke, na toshe ramukan biyu da tsumma mai tsabta na ɗaure da leda. Washegari na tafi Gusau da tsohon tiyon a jaka, wurin masu injin matse kan tiyo. Na tsaya a kansu suka yanka daidai tsawonsa, na gwada zaren notin da hannuna, na ƙi karɓar tiyon farko da suka miƙo don wayarsa ɗaya ce, nawa mai biyu ne. Da na dawo na ɗaura shi ina kallon layin da ke jikinsa don kada ya murɗe, na ƙera sabuwar maƙala, na sa masa riga da guntun tsohon tiyon ruwa a wurin da yake kusa da ƙarfe. Na cika tanki, na ɗaga ƙafafun baya a kan itace, muka yi ta gaba da baya a hankali har kukan iskar da ke ciki ya daina. Sannan sabon kwali. Tukur ya zagaye filin sau biyar, kwalin ya fito a bushe.

Ina tattara kayana sai ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce in ba shi tsohon tiyon. Na miƙa masa. Ya juya shi ya juya, ya kai shi kusa da ido, sannan ya rage murya ya ce, "Bala, kana da ƙusa? Ka ɗan ƙara ma ramin ga girma."

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Yaya za ni kai mawa. Shugaba ya ce shina ba ni takarda, amma Yaya ba ya ganin karatun boko, kuma cewa za shi yi tausaina anka ji. Shi maganar bakanike yar riƙe. Ni mai ido da ƙyar ni ka ganin ramin ga, bale shi. Wa za shi yarda abin ga yash shanye galan biyu?"

Na ce ba zan huda ba. Ƙarya ɗaya na yi ba da niyya ba ta kai mu nan, ba zan yi ta biyu da niyya ba. Na ce ya hau bayan babur.

Mun isa Birnin Tsaba bayan azahar, gero ya fitar da kai ko'ina, hanyar duk laka. Malam Isiyaku na zaune a zaure a kan buzu, fari fat da gemu, idanunsa sun yi hazo. Na gaishe shi na faɗi sunana. Ya ce, "Kai na bakaniken?" Na ce ni ne. Na ba shi labari tun daga farko, ban rage kome ba, har da tifar da ke jirana a Shinkafi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu na sa masa tiyon. Ya bi shi da yatsa daga kai zuwa kai, ya ce, "Ran nan kac ce babu rami, yau ka ce akwai. Ni ban ji rami ba."

Na ce a ara mana famfon keke a maƙwabta, a kawo ruwa a ƙwarya. Na cusa bakin famfon a kai ɗaya na naɗe da tsumma, Tukur ya toshe ɗaya kan da babban yatsa. Na lanƙwasa tiyon daidai wurin na nutsa shi a ruwan, na kama hannun tsohon na sa a ciki, tafin na kallon ƙasa. Na ce wannan iska ce kawai, ba ta cutarwa. Sannan na fara bugawa.

Bugu na huɗu na ga kumfa ta fara tasowa, ƙanana, a jere. Tsohon ya ɗan zabura. Ya matsar da tafinsa ya sake mayarwa. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya sunkuyar da kunnensa kusa da ƙwaryar yana saurare. 

Ya ciro hannunsa ya goge a rigarsa.  Sannan ya ce, "Tukur."

"Na'am, Yaya."

"Ka yi rantsuwa ban yarda ba, sai da roba tay yi magana. Ka gahwarta mini."

Tukur ya sunkuyar da kai yana ta goge tiyon da bakin rigarsa. Ni na mayar da idona ga famfon keken, na yi kamar ina gyara wani abu a jikinsa.

Tsohon ya ɗaga murya wajen cikin gida ya ce a kawo abinci, akwai baƙo. Aka shigo da kwano biyu na tuwo aka ajiye yadda aka saba a kwanakin nan, ɗaya gabansa, ɗaya can gefe. Ya laluba ya taɓa na gabansa, ya laluba ya jawo ɗayan, ya juye shi a kan nasa, ya tura wofin waje da ƙafa. Muka wanke hannu mu uku. Ina kallo ya bi miyar da yatsa har ya gano 'yar tsoka ɗaya da ke ciki, ya tura ta gaban ƙanensa, ya ce, "Ci, an ce mini ka rame."